Darasi na Tara: Koyon Aiki da Na'urorin Auna Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba. Kusan kashi 2 cikin 100 ke nan na nauyin jikinsa, amma idan yana zaune yana hutawa, ita kaɗai ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna miƙa wa juna saƙo ta hanyar ɗan lantarki da sinadarai, jini kuma yana kai musu iskar oksijin da sukari ba dare ba rana. Na'urorin da masu bincike ke bin aikin ƙwaƙwalwa da su a kan waɗannan abubuwa biyu suka dogara: wasu suna sauraron lantarkin, wasu suna bin sawun jinin.

Ku riƙe wannan tun daga farko, domin a kansa aka gina darasin: babu na'urar da ke ganin tunani. Alama ce mai rauni ƙwarai take aunawa, kuma duk abin da ya shigo gabanta ɗauka take yi, ba ruwanta da ko daga ƙwaƙwalwa ya fito ko daga fanka ko cajar waya. Mai tantancewa shi ne ma'aikacin da ya shirya ɗakin, ya shirya mutumin, ya rubuta abin da ya faru. Danna maɓallai ana koyonsa cikin 'yan kwanaki. Shirin ne ke cin watanni, kuma a kansa za mu fi tsayawa. Na'urori biyu za mu ɗauka: EEG mai sauraron lantarki, da MRI mai aiki da maganaɗisu.

Hular wayoyi

Hans Berger, likitan taɓin hankali a garin Jena na ƙasar Jamus, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924. Bai buga abin da ya gano ba sai 1929, kuma ko a lokacin masana da yawa ba su gaskata shi ba, sai da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a Kambirij ta Ingila a 1934. Shakkarsu tana da dalili. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi yake bayarwa. Abin da ke isowa fatar kai daga ƙwaƙwalwa kuwa, idan aka raba bolt ɗaya gida miliyan, bai wuce kaso 10 zuwa 100 ba, bayan ya ratso ruwa da ƙashi da fata.

Ƙwayar jijiya ɗaya ba a jin ta daga waje. Ku ɗauka kuna tsaye a bayan katangar makarantar allo. Idan kowane almajiri yana karanta nasa allon, guna-guni kawai za ku ji, ba za ku iya ware muryar kowa ba. Amma da zarar malam ya sa sun haɗa baki a kan abu ɗaya, sautin zai fito tar. Haka EEG take: tana jin dubban ƙwayoyi ne idan suka motsa tare. Tana iya gaya muku lokacin da abu ya faru daidai har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan, amma ba ta da ƙarfi wajen nuna ainihin wurin da ya fito.

Ana ɗaukar alamar da 'yan fayafayai, galibi na azurfa, waɗanda ake kira ilaktirod. Wani lokaci ana manna su ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci suna ɗinke a jikin hular roba. Ba a ɗora su da ka. Akwai tsarin da duniya ta yarda da shi tun 1958, wanda aka fi danganta shi da Herbert Jasper, ana ce masa tsarin 10-20. Da tef irin na tela ake farawa. A auna daga ɗan kwarin da ke saman hanci tsakanin idanu, a bi ta tsakar ka, har zuwa ƙashin da ya ɗan turo a ƙeya. A ce an sami santimita 36. Kashi 10 cikin 100 na wannan shi ne 3.6, nan ne alamar farko a goshi. Daga nan sai a riƙa tafiya da kashi 20, wato 7.2: alama ta biyu a 10.8, ta uku a 18, wadda ita ce tsakar ka, ta huɗu a 25.2, ta biyar a 32.4, sai ragowar 3.6 zuwa ƙashin ƙeya. Haka za a sake aunawa daga gaban kunne zuwa gaban kunne. Kowane wuri yana da harafi da lamba: F na gaban kai, C na tsakiya, P na bayan tsakiya, O na ƙeya, T na gefen kunne. Lambobi mara, irin su 1 da 3, na hagu ne, cika kuma na dama, layin tsakiya ana sa masa z. Amfanin wannan wahala shi ne idan mai bincike a Kano ya ce O1, wanda ke Tokyo ya san wurin da ake nufi, ko da kan yaro ne ko na babba.

Bayan awo sai gyaran fata, kuma a nan sabon hannu ya fi faɗuwa. Mataccen saman fata da man gashi suna tare lantarki. Za a buɗe gashi, a goga wurin a hankali da auduga da man gogewa, sannan a cika tsakanin faifai da fata da wani jel mai gishiri. Kwamfuta za ta nuna tirjiyar kowane faifai, wato yadda fatar wurin ke ƙin barin lantarki ya wuce. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ana so ta sauka ƙasa da kilo'om 5. Kada a goga har fata ta yi ja, kada kuma a cika jel har ya malala ya haɗe fayafayai biyu, domin daga nan abu ɗaya za su riƙa ɗauka.

Akwai maganar gashi, kuma ta shafe mu kai tsaye. An ƙera waɗannan huluna ne a inda yawancin mutane ke da gashi mai laushi mai kwanciya. Gashinmu mai tauri ne, yana ɗaga hular sama, faifai ya kasa taɓa fata. Wannan ya sa an daɗe ana barin baƙar fata a baya a binciken EEG da dama. A 2020 wata mai bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa idan aka yi kitso kwance jere-jere, aka sa tsagar kitson ta bi layukan tsarin 10-20, fata tana fitowa fili, faifai ya zauna daram. Wannan fasaha ce da ke hannun kowace mai kitso a unguwa. Ɗakin binciken da ya san abin da yake yi zai nemi mai kitso, zai gaya wa mata tun kwana ɗaya kafin ranar su wanke kai kada su shafa mai, zai kuma tanadi labule da ma'aikaciya mace, domin ba kowace mace za ta cire ɗankwali a gaban namiji ba, kuma bai kamata a sa ta a wannan hali ba.

Da an kunna na'ura, layuka za su fara gudu a fuskar kwamfuta. Kafin ku nemi ƙwaƙwalwa a cikinsu, ku fara koyon gane abin da ba ita ba ce. Ku ce wa mutumin ya ƙifta ido: layukan goshi za su yi wani babban tsalle. Ya cije haƙora: layukan gefen kunne za su yi kauri su yi baƙi. Wanda ya shigo da goro ko cingam a baki, tauna kaɗai za ku ɗauka. Gumi yana sa layi ya riƙa lilo a hankali sama da ƙasa, don haka ɗaki mai zafi ba ya ba da aiki mai kyau. Sai kuma wutar gida. A Najeriya da Nijar da Turai wutar lantarki tana kai-komo sau 50 a sakan, a Amurka sau 60, kuma wannan kaɗawa tana shiga wayoyin ta iska. Idan kuka ga wani siririn zane mai tsari ya hau kan dukkan layuka, ku duba caja, ku duba fitila, ku duba ko janareta ko inbata na kusa da bangon. Sau da yawa zare cajar kwamfutar a bar ta a kan batiri yana kashe matsalar. Manhaja tana iya tace wasu daga cikin wannan datti daga baya, amma tacewa takan tafi da wani abu mai amfani. Gara a hana shi shiga.

Gwajinku na farko shi ne na Berger. Mutum ya zauna, ya saki jiki, idonsa a buɗe. Ku ce ya rufe ido. Cikin sakan ɗaya ko biyu layukan ƙeya, O1 da O2, za su fara wata kaɗawa mai kyan gani, kimanin sau 10 a sakan. Ita ake kira alfa. Ya buɗe ido, ta ɓace. Duk ɗalibin da ya ga wannan da idonsa a karon farko yakan yi shiru na ɗan lokaci, kuma ya dace ya yi, domin aikin ƙwaƙwalwar ɗan'uwansa yake kallo. Gwaji na biyu ya fi wuya. Ana kunna sauti iri ɗaya a jere, jefi-jefi a sako wani daban, a ce mutum ya ƙirga na dabam ɗin. Kimanin kashi uku cikin goma na sakan bayan baƙon sautin, wani tudu yana tasowa a layukan tsakar ka. Samuel Sutton da abokan aikinsa suka fara bayyana shi a 1965, ana kiransa P300. Ba a ganinsa a karo ɗaya, sai an maimaita sau da yawa an haɗa an fitar da matsakaici. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kwamfutar da ke kunna sautin tana aika wa na'urar alama a daidai lokacin da sautin ya fita. Ku gwada wannan alama kafin mutum ya zauna, kowace rana.

Ɗakin da maganaɗisunsa ba ya barci

EEG ba ta cutar da kowa. MRI tana iya kashe mutum idan aka yi sakaci, shi ya sa ba a barin ɗalibi ya taɓa ta sai ya ci jarrabawar kiyaye haɗari.

Zuciyar na'urar wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya. Ana auna ƙarfinsa da tesla. Na asibiti galibi tesla 1.5 ne, na bincike 3, wato ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau dubu 60. Ana samun wannan ƙarfi ne daga naɗin waya da aka sanyaya da ruwan hiliyam har zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi wayar ba ta tirjiya ko kaɗan, lantarkin da aka zuba mata yana ta zagayawa shi kaɗai. Ma'anar wannan ita ce maganaɗisun a kunne yake kullum. Da dare yana kunne. Ranar hutu yana kunne. An ɗauke wuta, janareta ya mutu, ɗaki ya yi duhu, yana nan da ƙarfinsa. Mai shara da mai gadi da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki duk sai sun san wannan, ba masu bincike kaɗai ba.

A 2001, a wani asibiti a jihar New York, an shigo da tukunyar oksijin ta ƙarfe ɗakin MRI alhali wani yaro ɗan shekara 6 yana cikin na'urar. Maganaɗisun ya fizge tukunyar, ta bugi kan yaron, ya rasu. A 2018 wani mutum ya rasu a birnin Mumbai na Indiya bayan ya shiga irin wannan ɗaki riƙe da tukunyar oksijin. Jan ba ya ƙaruwa sannu-sannu yadda mutum zai ankara ya ja baya. Taku ɗaya ne tsakanin almakashi yana hannunka da yana tashi sama.

Saboda haka ake tantance kowa a bakin ƙofa, da takarda da kuma baki. Takardar ita kaɗai ba ta isa, domin mutane suna mantawa, wasu ba sa karatu, wasu kuma kunya ke hana su faɗa. Tambayar "akwai ƙarfe a jikinka?" kusan kowa "a'a" zai ce mata. Ga yadda ma'aikaciya mai hankali take yi da wani dattijo:

"Baba, wace sana'a ka yi da ƙuruciya?"

"Walda na yi, 'yata, shekara da shekaru. Yanzu yara ne a shagon."

"Allah ya sa albarka. A lokacin, ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

"Ya taɓa, amma an daɗe. Da kansa ya daina ciwo."

"To Baba, yau ba za mu shiga ba. Sai likita ya ɗauki hoton idon ya tabbatar babu abin da ya rage."

Ɗan ƙarfen da ya kwanta a ido shekara ashirin yana iya motsawa a cikin maganaɗisu ya makantar da mutum. Haka za a tambayi maƙeri da bakanike, da wanda aka taɓa harbi ko fashewar wani abu ta rutsa da shi. A tambayi kowace tiyata da aka taɓa yi wa mutum: na'urar daidaita bugun zuciya, matsen ƙarfe a jijiyar jinin kai, na'urar ji da ake dasawa a kunne, ƙarfen ɗori. Wasu daga cikin waɗannan an ƙera su yadda za a iya shiga da su bisa sharuɗɗa, amma ba ɗalibi ne zai yanke hukunci ba. A binciken da ba na jinya ba, mace mai ciki galibi ba a sa ta.

Sai abin da ke kan jiki: makulli, waya, agogo, silalla, katin banki, 'yan kunne, awarwaro, zobe, fil ɗin mayafi, ƙarfen rigar mama, ƙugiyar bel. Laya ko guru da aka ɗinke a fata, tunda ba a san abin da ke ciki ba, a roƙi mai shi cikin ladabi ya ajiye a waje. Kwalli da wasu kayan kwalliyar ido suna iya ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke ɓata hoton gaban kai, a wanke su. Mafi sauƙi shi ne kowa ya canja zuwa rigar auduga ta ɗakin. Shi ma ma'aikaci ya laluba aljihunsa duk lokacin da zai shiga, ko da shigarsa ta goma ke nan a ranar.

Haɗari biyu sun rage waɗanda ido ba ya gani. Na'urar tana da ƙara mai tsanani, takan wuce desibel 100, don haka toshe kunne wajibi ne. Tana kuma aika igiyar rediyo mai ɗumama jiki. Wayar da ta naɗe ta yi zobe a kan fata tana iya ƙona mutum, haka ma idan ya harɗe hannuwa ko cinyoyinsa suka manne babu tufa a tsakani. A sa matashi a raba su. A bango za ku ga maɓallan gaggawa iri biyu, ku san bambancinsu tun ranar farko. Ɗaya yana yanke wutar gado da sauran kayan, maganaɗisu yana nan. Ɗayan yana ƙafar da hiliyam ya kashe maganaɗisun gaba ɗaya. Wannan na biyun ba a taɓa shi sai rai na cikin haɗari, kamar ƙarfe ya danne mutum a jikin na'ura, domin mayar da ita aiki yana cin kuɗi mai yawa da lokaci, kuma idan hiliyam ya cika ɗaki yana korar iskar shaƙa.

Bin sawun jini

Jikin mutum galibinsa ruwa ne, kuma ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa suna jeruwa idan suka shiga maganaɗisu. Na'ura takan buge su da igiyar rediyo, ta saurari amsar da suke mayarwa, kwamfuta ta mayar da amsar hoto. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda wannan. Hoton siffar ƙwaƙwalwa ke nan. Na aikinta kuwa ya samo asali daga abin da Linus Pauling da Charles Coryell suka gano tun 1936, cewa jinin da ya sauke oksijin ɗinsa yana amsa maganaɗisu dabam da wanda ke ɗauke da shi. A 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan da ke aiki a Bell Labs a Amurka, ya nuna ana iya ganin wannan bambanci a hoton MRI. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jiki yana tura masa sabon jini fiye da bukatarsa, sai alamar wurin ta ɗan ƙaru, sau da yawa da kashi 1 ko 2 cikin 100 kacal. Jinin ba ya zuwa nan take. Sai bayan sakan 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa. Wannan hanya, da ake kira fMRI, ta fi EEG nuna wuri nesa ba kusa ba, amma a lokaci tana baya.

Ranar aiki takan fara kafin kowa ya zo. Ana sa wata ƙwarya ta roba cike da ruwan gwaji a cikin na'ura a ɗauki hotonta, don a tabbatar na'urar ba ta sauya hali ba tun jiya. Idan mutum ya zo, aka tantance shi, sai ya kwanta, a sa kansa cikin wani kwando mai karɓar alama, a cusa soso gefe da gefe, a daidaita madubin da zai riƙa kallon allo da shi. A damƙa masa ƙwallon roba na ƙararrawa, a sa ya matsa sau ɗaya ya ji tana aiki. Wasu ɗakunan suna manna ƙwayar bitamin E a gefen dama na kai, tana fitowa fari a hoto, domin hagu da dama suna da saurin rikicewa a kwamfuta. Za a fara da gajeren hoto na neman wuri, sai hoton siffa na 'yan mintoci, sannan gwajin kansa.

Gwajin koyo shi ne na yatsu: sakan 30 mutum yana taɓa yatsun hannun dama da babban yatsa, sakan 30 yana hutawa, a maimaita sau da yawa. Na'ura tana ɗaukar dukkan ƙwaƙwalwa kusan kowane sakan 2, ta yanka ta zuwa 'yan ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 2 ko 3. Idan komai ya tafi daidai, ɓangaren hagu na saman kai ne zai nuna aiki, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa kishiyar gefen jiki yake sarrafawa. Babban abokin gaba a nan motsi ne. Kai ya gusa da milimita ɗaya ya isa ya haifar da alamar da ta fi ta ƙwaƙwalwa girma. Faɗa ba ya hana motsi, jin daɗi ne ke hanawa: matashi a ƙarƙashin gwiwa, bargo idan da sanyi, zagayawa bayan gida kafin a fara, da muryar ma'aikaci ta lasifika tsakanin zango da zango yana cewa, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, saura minti shida, lafiya dai ko?" Ku tambaya ku rubuta ko ta sha shayi ko kofi ko ta ci goro, domin sinadarin da ke cikinsu yana rage gudun jini a ƙwaƙwalwa. Ku rubuta ko tana azumi, da ko ta sami barci.

Launukan ja da rawaya da kuke gani a hotunan jarida ba na'ura ce ta ɗauko su ba. Lissafi ne aka yi a kan dubun dubatar akwatunan nan, aka shafa launi a inda lissafin ya ƙetare wani mizani. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka sa mataccen kifin salmon a cikin na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi lissafin ba tare da gyaran da ake yi wa gwaji mai yawa ba. 'Yan akwatuna suka yi launi a kan kifin. Sun yi haka ne da gangan don su ja kunnen abokan sana'arsu: idan ka jefa tambaya ɗaya sau dubbai, dole wasu su amsa da sa'a kawai. Manhajojin da ake aiki da su, irin su SPM na Landan da FSL na Oksfod, kyauta ake samunsu don karatu, kuma suna da hanyoyin wannan gyara. Sai dai ɗalibi ya fahimci dalilin gyaran kafin ya danna. Ku kuma yi hattara da cewa wuri kaza ya yi launi, saboda haka mutumin tsoro yake ji ko ƙauna. Sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa yana shiga ayyuka da yawa.

Haƙƙin wanda ya ba da kansa

Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Duk mai bincike a ƙasar nan yana aiki ne a bayan wannan tarihi. Ba a fara gwaji sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a gaya masa wannan bincike ne ba magani ba, kuma yana da ikon cewa a tsaya ko ana tsakiyar aiki, ba tare da ya ba da dalili ba. Sunansa ba ya hawa kan fayil, lamba ake sawa, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma a kulle ta dabam. Hoton MRI yana ɗauke da siffar fuska, don haka ana goge fuskar kafin a raba shi da wasu.

Wata rana za ku ga wani abu a hoto da bai yi kama da na sauran ba. Kada ku faɗa wa mutumin yana da ƙari a kai, kada kuma ku yi shiru ku wuce. Ku ba likitoci ba ne. A natse za ku kai wa shugaban binciken, shi kuma ya kai wa likitan hoto, bisa tsarin da aka rubuta tun kafin a fara.

Wanda zai ce wannan ilimi na ƙasashen masu kuɗi ne, ya dubi Blantyre ta Malawi. A can aka yi amfani da MRI mai tesla 0.35 kacal aka duba yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sakamakon da Karl Seydel da Terrie Taylor da abokan aikinsu suka buga a 2015 ya nuna kashi 84 cikin 100 na yaran da suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, alhali a cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne. Wannan ciwo ne da ke ɗauke mana yara kowace damina. A ƙauyen Keneba na Gambiya kuma, masu bincike sun auna aikin ƙwaƙwalwar jarirai da wata hula mai haska haske ta cikin fatar kai, wadda ake iya ɗauka a mota, suka buga sakamakon a 2014. EEG kuwa ita ce babbar madogarar likita wajen gane farfaɗiya, kuma ƙwararrun hannu da za su ɗora ta daidai sun yi mana ƙaranci.

Aikin yi

Ku amsa a littafinku: me ya sa ɗauke wuta ba ya sa ɗakin MRI ya zama wurin da za a shiga da ƙarfe? Idan mai bincike yana son sanin lokacin da ƙwaƙwalwa ta gane wata kalma, wace na'ura ta fi dacewa, kuma me ya sa?

Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zaɓi wanda zai zama, ko bakanike, ko tsohon soja, ko amarya da kwalliyarta, kada ya faɗa. Ma'aikaci ya yi ta tambaya har ya gano duk abin da zai hana shiga ɗakin maganaɗisu. Sauran aji su lura da tambayar da aka tsallake.

A zama na gaba kowa ya zo da tef ɗin tela da alli ko fensirin gira. Maza da maza, mata da mata, za ku auna kan juna daga saman hanci zuwa ƙashin ƙeya, ku lissafa kashi 10 da kashi 20, ku sa alamomi biyar na layin tsakiya. Sannan ku auna daga gaban kunne zuwa gaban kunne ku nemo rabinsa. Idan wannan rabin bai faɗa kan alamarku ta uku ba, ku goge ku sake aunawa.